Li'irabi

Li'irabi kalma ce ta ilimin nahawu da Hausa ta aro daga Larabci, al-i'irab. Asalin ma'anarta bayyanawa, wato fitar da abin da ke cikin zuciya a fili. Harafin "l" na farkonta guntun "al" ne da ya manne, kamar yadda ya faru a littafi da liman.

A wurin malaman nahawu, li'irabi shi ne canjawar ƙarshen kalma gwargwadon aikinta a jimla. In Muhammadu ne ya aikata, sai a ce Muhammadun. In a kansa aikin ya faɗa, Muhammadan, in kuwa harafin jarri ya gabace shi, Muhammadin. Wasali ɗaya tak na iya mai da mai duka wanda aka daka, shi ya sa magabata ba su ɗauki lamarin da wasa ba. Ana jingina farkon ilimin ga Abul Aswad Addu'ali na Basara, wanda ya sa ɗigo a Mus'hafi don nuna wasulla, sannan Sibawaihi ya tattara shi a littafinsa Alkitab a ƙarni na 8.

Littattafai ne suka kawo shi ƙasar Hausa: Ajuruma ta Ibn Ajurrum, mutumin Fas da ya rasu a 1323, da Mulha ta Hariri, da Alfiyya ta Ibn Malik. Tun Alƙalawa tana babban birnin Gobir, kafin faɗuwarta a 1808, ake karanta su a zaurukan malamai. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta cewa Shehu Usmanu ya ɗauki li'irabi a hannun Abdurrahman ɗan Hammada, shi kansa Abdullahi kuma ya tsara nahawu a waƙe cikin Albaharul Muhiɗ. Wannan gadon ne zaurukan Sabon Birni da Isa suke riƙe da shi, inda ɗalibi zai karanto jimla, malam ya tsayar da shi ya feɗe ta kalma-kalma.

Ita Hausa ba ta canja ƙarshen suna ta wannan hanya. Abin da take da shi jinsi ne da jam'i da harafin mallaka, wanda Bagobiri kan saje shi da baƙin da ke gaba, ya ce "rigas sarki". Duk da haka rufu'ar Larabci, wato wasalin "u" na ƙarshen suna, ta daskare a sunayenmu, Umaru da Aliyu da Usmanu. Masana Hausa a jami'o'i kuma sun faɗaɗa kalmar, suna kiran zanen da ke rarrabe sassan jimla bishiyar li'irabi.