Nazari a Kan Koken Masu Hulɗa da Kamfanonin Sadarwa a Gwarzo da Kabo

Abin da muke nufi da kamfanin sadarwa a wannan nazari shi ne mai sayar da layin waya da data, wato ma'aunin abin da mutum ke ci idan ya hau intanet, kamar MTN da Airtel da Glo, sai kuma masu sayar da tashoshin talabijin ta dikoda, wato akwatin da ke buɗe tashoshin, kamar StarTimes da DStv. Koke kuwa shi ne ƙorafin da aka shigar wa kamfani har ya rubuta shi, ya ba shi lambar shaida. Duk ƙorafin da bai kai wannan matsayi ba, ko da an kwana ana yin sa a majalisa, ba ya shiga lissafin kamfani, balle na hukuma.

Koken mutanen ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, inda akasarin masu hawa intanet ta wayar hannu suke hawa, ya kasu gida uku. Na farko koken sabis ne, wato ƙarfin sadarwar da ke isowa waya daga turken kamfani. Sabis kan raunana idan aka yi nisa da manyan garuruwa irin su Getso da Garo, yakan kuma ɗauke idan man janaretan turke ya ƙare ko masu aikin hanya suka tsinke wayar ƙarƙashin ƙasa. Na biyu koken kuɗi ne, kamar cire kuɗi don saƙonnin da mai layi bai nema ba, da saurin ƙarewar data, da biyan kuɗin wata ba tare da tashoshi sun buɗe ba. Wannan rukuni ya ƙara tsanani bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Na uku koken rajista ne, wanda ya yawaita tun Disambar 2020, lokacin da aka wajabta haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, aka kuma riƙa rufe layukan da bayanansu suka saɓa.

Hanyar kai koke ita ma hawa uku ce. Hawan farko shi ne dillali, wato mai shagon sayar da kati da rajistar layi. Shi mutane suka fi zuwa wa, domin ɗan gari ne, ana yi masa bayani ido da ido, sai dai ba shi da ikon mayar da kuɗi ko gyara turke. Hawa na biyu shi ne kamfanin kansa, wanda tun 2023 ake samun sashensa na kula da abokan hulɗa ta lamba 300 a kowane layi, kuma nan ne ake bayar da lambar shaida. Hawa na uku shi ne NCC, wadda dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa kare haƙƙin masu layi. Ana kiran ta kyauta ta 622 idan kamfani ya gaza, kuma lambar shaidar nan za ta fara tambaya. Koken talabijin kuwa yana ƙarƙashin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

Daga wannan rabe-rabe muna iya fahimtar cewa yawancin ƙorafin yankin a hawan farko yake tsayawa, wurin wanda ya fi kowa kusa da jama'a amma ya fi kowa ƙarancin iko. Nisan ofisoshin kamfanonin da ke Kano da kuɗin mota sukan sa mutum ya haƙura ya sayi sabon layi, kamfani kuma ya ci gaba da ganin yankin a matsayin wanda ba shi da matsala. Saboda haka muna kira ga malaman makarantu da ƙungiyoyin matasa da su dillalan kansu su koya wa jama'a kiran 300, da rubuta lambar shaida tare da kwanan wata, da ɗaukaka ƙara zuwa 622 idan an ji shiru.