Mallakar wutar lantarki a hannun jama'a: Ma'anarta da amfaninta

A unguwanni irin su Ƙofar Marke da ke tsohon birnin Sakkwato, kamar sauran biranen arewacin Najeriya, ba baƙon abu ba ne jama'a su yi karo-karo domin gyara taransifoma ko sayen waya da turaku.

Sai dai kuɗin da suke kashewa bai ba su ikon mallaka ba, balle su sa baki a kan farashi ko rabon wuta. Wannan ne bambancinsu da al'ummomin da ke da kamfanin lantarki na kansu.

Yadda tsarin yake

Tsarin iri biyu ne. Ko dai hukumar gari ta mallaki kamfanin, ko kuma masu amfani da wutar su kafa ƙungiyar gama kai, inda kowane mamba ke da ƙuri'a ɗaya wajen zaɓen shugabanni.

A Amurka, tsakiyar shekarun 1930, kusan gida ɗaya ne cikin goma a karkara yake da lantarki, saboda 'yan kasuwa na ganin babu riba a can. Gwamnati ta kafa hukumar lantarkin karkara a 1935, ta riƙa bai wa manoma rance. Ƙungiyoyin da suka samo asali daga nan sun kai kimanin 900, suna kuma bai wa mutane fiye da miliyan 40 wuta. Akwai kuma ɗaruruwan garuruwa a ƙasar da ke raba iskar gas da kansu.

Amfaninsa

Na farko, babu masu hannun jari na waje da ke jiran riba. Rarar da aka samu takan koma ga gyara, ko a mayar wa mambobi.

Na biyu, shugabannin maƙwabta ne, ana haɗuwa da su a masallaci da kasuwa, don haka kai ƙara ba ya wuya.

Na uku, mutum yakan kula da abin da yake nasa, abin da kan rage satar wuta da ƙin biyan kuɗi.

Tarihi a arewa

Tsarin ba sabo ba ne. A zamanin mulkin mallaka, hukumomin En'e na Kano da Katsina sun gudanar da tashoshin lantarki na kansu, kafin hukumar ECN ta karɓe su a 1951.

Daga nan harkar ta koma hannun gwamnatin tsakiya: NEPA a 1972, sai PHCN a 2005. Bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta da aka soma a 2013, Sakkwato ta shiga yankin kamfanin Kaduna, tare da Kebbi da Zamfara.

Abin da doka ta ce

A 2023 an yi wa tsarin mulki gyara, aka kuma kafa sabuwar dokar lantarki, wadda ta bai wa jihohi ikon samarwa da rarraba wuta a cikin iyakokinsu.

Ƙa'idojin da hukumar NERC ta tsara a 2016, ta kuma sabunta a 2023, sun amince da ƙananan tashoshi da ba su wuce megawat 1 ba. Amma a unguwar da layin kamfani ya riga ya shiga, kamar Ƙofar Marke, sai an ƙulla yarjejeniya tsakanin al'umma da mai kafa tashar da kamfanin.

Hasken rana ne ya fi dacewa da Sakkwato, domin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 bai ratsa jihar ba.

Ƙalubale

Kayan aiki, musamman batura, na da tsada, kuma ana buƙatar ƙwararrun ma'aikata. Babban abu shi ne amana: muddin ba a bayyana lissafin kuɗi ga mambobi, ko aka riƙa ɗaga wa manya ƙafa wajen biya, kamfanin jama'a ma zai iya durƙushewa kamar na gwamnati.