Lissafin Sa'a: Yadda Ake Zaɓen Lokaci a Garwa da Ƙasar Hausa

Daga Garwa da Marwa har Kano, akwai waɗanda ba sa tsai da ranar ɗaurin aure, ko tafiya fatauci, ko aza harsashin gida, sai malamin hisabi ya duba musu sa'a. Ilimin ya shigo ne ta littattafan Larabci, kuma malaman wannan yanki sun yi rubutu a kansa. Wanda ya fi shahara shi ne Muhammadu al-Katsinawi, marubucin Durrul Manzum, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Yadda ake lissafin

Ana raba yini, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kashi 12, dare ma kashi 12. Kowane kashi ana danganta shi da ɗaya daga taurari bakwai, bisa jerin da ba ya canzawa: Zuhal, Mushtari, Mirrihu, Rana, Zuhra, Uɗaridu, Wata. Sa'ar farko ta tauraron wannan rana ce. Ranar Talata, alal misali, Mirrihu ke buɗewa, Rana ta biyo, sai Zuhra, har a zagayo kan Mirrihu a sa'a ta takwas. Da yake Garwa ba ta da nisa da tsakiyar duniya, kowace sa'a kusan minti 60 ce duk shekara.

Masu hisabi suna ɗaukar sa'ar Mushtari da ta Zuhra a matsayin masu kyau, ta Zuhal da ta Mirrihu kuwa na nahisa. Mai jin Faransanci zai ga sawun wannan tsari a sunayen ranaku: lundi ta Wata ce, mardi ta Mirrihu, vendredi ta Zuhra.

Kwatankwacinsa a Indiya

Mabiya addinin Hindu suna da kalandar Panchang, mai duba abubuwa biyar a kowace rana, ciki har da masaukin wata. Su masaukai 27 suke ƙirgawa, Larabawa da malamanmu 28. Sukan raba yini kashi takwas, su ware ɗaya, kimanin minti 90, da suke kira Rahu Kalam, wanda ba a fara muhimmin aiki a cikinsa.

Matsayin malamai

Malaman Musulunci sun raba ilimin taurari gida biyu. Na farko halal ne: gane alƙibla, da lokutan salla, da shigowar damina. Masaukai 28 ɗin nan, kowanne kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, su ke cika kwana 365 da manoma ke bi wajen shuka. Na biyu, wato yarda cewa tauraro na jawo arziki ko tsiya, shi suka haramta, haka ma camfin Larabgana a ƙarshen watan Safar. Wanda ke shakkar aure ko tafiya, abin da suka hore shi da shi shi ne istihara da shawarar manya.