Akurki da Hunturu: Tarihin Kiwon Kaji a Kudancin Kano

Duk wanda ya taɓa kwana a Riruwai ko Tudun Wadan Dankadai a cikin watan Disamba ya san cewa sanyin da mutanen birni suke kuka da shi wasa ne. A can, tun kafin a gama yankan dawa magidanci yake fara lissafin hunturu: ina zanan da zai tare iska, wace jinka ce ta zube, kara nawa za a jingine domin murhu. Matar gida kuwa lissafinta ɗaya ne, wato kajinta nawa za su ga bazara. Na ɗauko wannan batu ne domin na lura mu marubuta mun cika littattafanmu da falo da mota, in kuwa ƙauye ya shigo labari sai mu sa zakara ya yi cara da asuba, shi ke nan an sallame shi. Alhali kuwa a cikin akurkin nan akwai tarihi, akwai dukiya, akwai kuma asara mai sa mace kuka.

Ita kaza baƙuwa ce a ƙasarmu, duk da daɗewarta. Asalinta daga dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, masu tonon ƙasa kuma sun sami ƙasusuwanta a tsohon garin Jenne na ƙasar Mali, waɗanda suka haura shekara dubu. Zabo shi ne ɗan gida, domin a Afirka aka hore shi. Littafin Tarihin Kano ya ambaci baƙar kaza cikin abubuwan da mutanen Barbushe suke yankawa ga Tsumburbura, ke nan tun kafin Musulunci ya kafu a Kano kaza tana tsakar gida. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya ratsa ta Bebeji a 1826 a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, garin zango ne na fatake, kuma kowa ya san abin da ake yanka wa baƙo mai daraja a ƙasar Hausa.

Sai dai ya kamata mai karatu ya gane wani abu: kakanninmu ba domin cin ƙwai suke kiwon kaza ba. Kazar Hausa takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyar, ta kwanta a kansu kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta yi ta jan 'yan tsakinta wata biyu ko fiye kafin ta sake. A shekara da ƙyar take wuce zubi uku. Wanda ya ci ƙwan nan ya ci kazar baɗi. Ina jin wannan ne tushen camfin da aka tashe mu da shi, cewa yaron da ya saba da cin ƙwai ɓarawo zai zama. Iyaye mata sun san abin da suke karewa. Ƙwan da ake dafawa a kai tasha da damina na zabi ne, kuma har shi ma akan ware wasu a sa wa kaza ta kwanta, domin zabuwa ba ta da haƙurin reno.

Kaza dukiyar mace ce. Amarya takan zo da ita, ko uwarta ta aiko mata bayan biki. Kaji biyar ko shida su sayi tunkiya, tumaki su sayi kayan ɗakin 'ya. Idan yaro ya kwanta ciwo miji ba ya gida, kaza ake kamawa a ba ɗan aike ya kai kasuwar Kwanar Dangora. Abincinta kuwa ba ya cin ko kwabo: dusa daga turmi, tsabar da ta zube a masussuka, sai gara da ake tarawa a tsohuwar tukunya da kashin shanu da kara domin 'yan tsaki.

To, a nan ne hunturu yake shigowa. Kaka lokacin ƙoshi ne, kaji sun yi ƙiba, ƙwai ya yi yawa, amma kuma lokacin ne annoba take zuwa. Na tuna wata shekara ina yaro, kakata tana da kaji fiye da talatin ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar saura huɗu. Za ka ga kaza ta takure, ta saki fukafukai, tana zawo kore-kore, wata kuma wuyanta ya murɗe tana ta juyi a wuri ɗaya. Tsohuwar nan ta jiƙa ɓawon maɗaci, ta daka barkono da gautan kaji ta zuba a kasko, duk a banza. Ta ce iska ce ta kawo, kuma ba ta yi nisa da gaskiya ba. Masana suna kiran cutar Niyukasal, da sunan wani gari na Ingila inda aka gane ta a 1926, an kuma tabbatar da ita a Nijeriya a farkon shekarun 1950. Ƙwayar cutar tana daɗewa a cikin sanyi, ga kaji suna cunkushewa wuri ɗaya domin ɗumi, ga kuma kasuwar kaji tana cika a ƙarshen shekara. Mai kaza mara lafiya yakan yi maza ya sayar kafin ta mutu, wanda ya saya da araha ya kai annoba gidansa da hannunsa.

Saboda haka shirin hunturu a gidajen kudancin Kano bai tsaya kan mutane ba. Bayan an yaɓe rumbu an ɗora masa sabuwar jinka, an ɗaure harawa a kan bishiya ko rumfa domin awaki, an kewaye gida da dangar kara, sai a juya kan akurki. Akan toshe tsagoginsa da laka, a juya bakinsa daga gabas da arewa inda iska take fitowa, a share tsohon kashi, a zuba toka domin ƙuma da ƙwarƙwata, a shimfiɗa ƙaiƙayi. Kaza mai 'yan tsaki akan kife ta da kwando a ɗakin girki, kusa da murhu. Mace mai dabara kuma takan rage garkenta tun watan Nuwamba, ta sayar da zakaru ta sayi akuya, ta bar uwaye kaɗan. Ƙwai a baka, in ji Hausawa, ya fi kaza a akurki.

Hukuma ta daɗe tana son gyara kazar Hausa. An yi zamanin musayar zakaru, inda malaman gona suke karɓar zakaran gida su ba da jan zakaran Turawa. A ganina shirin bai san tsakar gida ba, domin baƙon zakara bai iya gudun shaho ba, bai iya tono ba, hunturun farko yakan tafi da shi. Canjin gaske ta wata hanya ya zo. An gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji daga 1971 zuwa 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, a 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa wanda ya kwaɗaitar da ma'aikata su yi lambu da kiwon kaji a bayan gida, sannan takin zamani da sabon iri suka mai da Doguwa da Tudun Wada ƙasar masara. Masara kuwa ita ce fiye da rabin abincin kajin gidan gona. Ita kazar gidan gona ba ta kwanci, aikinta zuba ƙwai, tana iya yin 250 ko fiye a shekara. Daga nan mai shayi ya sami abin soyawa, camfin sata ya mutu ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Amma wadda ba ta tono sai an saya mata. Da aka shiga matsin tattalin arziki na 1986, kuɗin abinci da magani ya tashi, malaman makaranta da yawa da suka gina ɗakin kaji suka mai da shi ɗakin ajiya. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta fito da irin da ta kira ShikaBrown domin ya jure yanayinmu, daga baya kuma Noiler ta shigo ƙauyuka, tana tono kamar ta gida tana girma kamar ta gona. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ta shigo Kano, aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa. Ta sake dawowa a farkon 2015. Duka biyun a cikin sanyi ne.

Ita kuwa tsohuwar annobar kakata tana da rigakafi. Cibiyar Vom ta kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin wani iri da aka samo asalinsa daga Ostareliya, mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa kaza a ido, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Matsalarsa ita ce kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, in an buɗe kuma ba ta kwana, mace mai kaji takwas ba za ta saya ita kaɗai ba. Inda abin ya yi aiki, matan unguwa ne suka haɗa kuɗi kamar adashi, suka sa rana ɗaya kafin iska ta juyo, aka hana kaji fita da safe, yaro ɗaya yana kamawa wani yana ɗigawa, daga wannan gida zuwa wancan har kwalbar ta ƙare.