Suna Ɗaya, Aiki Iri-Iri: Daidaita Tsarin Kula da Magungunan Majinyata a Asibitocin Matakin Farko na Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yunƙurin masana harhaɗa magunguna na Amurka, daga 1990 zuwa 2018, na samar da tsari ɗaya da kowannensu zai bi idan ya zauna da majinyaci a asibitin matakin farko. An yi nazarin takardun ƙungiyoyinsu da sakamakon wasu bincike da aka wallafa. Maƙalar ta gano cewa rashin matsaya ɗaya kan ma'anar aikin shi ne ya daɗe yana hana a auna amfaninsa, kuma jerin tambayoyin da ake yi wa kowane magani shi ne ƙashin bayan gyaran.

Gabatarwa

A 1990 Hepler da Strand suka wallafa maƙalar da ta ce nauyin masanin magunguna bai tsaya ga miƙa ƙwaya ta taga ba, ya kai har ga abin da ƙwayar ta yi a jikin mai shan ta. Ra'ayin ya karɓu. A 2003 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa kamfanonin inshorar magani na shirin Medicare, wanda ke kula da masu shekara 65 zuwa sama, su tanadi hidimar duba magungunan wasu majinyata, aka fara aiki da ita a 2006. Sai dai dokar ba ta fayyace yadda za a yi duban ba, kowa ya kama gabansa. Wani ya buga waya ta 'yan mintoci, wani ya aika takarda, wani ya zaunar da majinyaci da fayil ɗinsa a buɗe, duk a ƙarƙashin suna ɗaya.

Illar hakan ta fito fili a 2015, lokacin da Viswanathan da abokan aikinta suka wallafa bitar bincike 44 a mujallar JAMA Internal Medicine. Sun ga alamar cewa hidimar na inganta dacewar magani da shan sa a kan ƙa'ida, amma a yawancin ma'aunai hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba, domin ayyukan da aka haɗa sun sha bamban ƙwarai. Wanda ya zuba gero da dawa da masara a mudu ɗaya ba ya iya faɗin farashin kowanne.

Tsarin matakai biyar

A 2014 haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka ta amince da matakai biyar: tattara bayanai, tantancewa, tsara shiri, aiwatarwa, da bibiya. Hukumar tantance makarantun harhaɗa magunguna ta saka su cikin ƙa'idojinta na 2016. A 2018 kuma wani ayarin masu bincike daga jami'o'in North Carolina da Minnesota, tare da likitocin iyali, ya fayyace abin da kowane mataki ya ƙunsa a aikace, yadda mai sa ido zai iya duba fayil ya ce an yi ko ba a yi ba.

A ganin wannan nazari, ƙarfin tsarin yana mataki na biyu. Kowane magani ana yi masa tambaya huɗu a jere: akwai dalilin shan sa? Yana aiki? Yana cutarwa? Majinyaci na iya shan sa yadda aka ce? Da gangan aka bar ta huɗun a ƙarshe, don matsa wa mutum ya dinga shan maganin da tun farko bai dace da shi ba ƙarin ɓarna ne.

A ɗauki misalin da aka saba gani. Dattijuwa ta zo da jaka ta juye magungunanta a tebur. Akwai amlodipine na hawan jini, akwai furosemide mai sa fitsari, akwai ƙwayar potassium, ga kuma ibuprofen da ta saya da kanta saboda ciwon gwiwa, wanda ba ya cikin fayil. Wanda ya fara da tambaya ta huɗu zai ƙirga ƙwayoyi, ya ga ba ta shan mai sa fitsarin idan za ta fita, ya yi mata nasiha. Wanda ya fara da ta farko zai bi sawu: amlodipine kan kumbura ƙafa, kumburin ya jawo furosemide, shi kuma ya zubar da potassium har aka ƙara ƙwaya ta uku, yayin da ibuprofen ke ɗaga jini yana wahalar da ƙoda. Sauya magani ɗaya, da shawarar likita, na iya rage biyu.

Tattaunawa

Binciken da Victor da abokan aikinsa suka wallafa a New England Journal of Medicine a 2018 ya nuna inda tsari tsayayye ke kaiwa. An raba shagunan aski 52 na Los Angeles rukuni biyu; a ɗaya rukunin, masana magunguna sun riƙa auna jinin baƙar fata maza suna daidaita musu magani bisa yarjejeniya da likitocinsu. Cikin wata shida awon jini na sama ya sauka da maki 27 a rukunin da suka kula da shi, ɗaya rukunin kuwa da maki 9 da ɗoriya. Abin lura, waɗannan masana suna da ikon rubuta magani, ba shawara kawai suke bayarwa ba, kuma irin wannan iko kowace jiha da dokarta a kansa.

Akwai kuma haɗarin da masu tsarin ba su cika nanatawa ba: matakai biyar na iya rikiɗa su zama akwatuna biyar da ake dannawa a kwamfuta. Abin da ya kamata a daidaita shi ne jerin tambayoyi da yadda ake rubuta matsala da ranar dawowa. Hirar da za ta sa dattijuwa ta fito da ibuprofen daga ƙasan jaka ba ta shiga fom.

Mataki na biyar ne ya fi rauni, domin bibiya lokaci take ci, lokaci kuma kuɗi ne. Sashen Medicare da ke biyan likitoci kuɗin ganin majinyata bai lissafa masanin magunguna cikin masu karɓar kuɗi kai tsaye ba. Muddin haka ta ɗore, asibitoci masu hali ne kaɗai za su bi tsarin har ƙarshensa.