Kakin Kakana

'Yar uwa, in kin taɓa zama a Zuru kin san da wuya ki ratsa unguwa ba a nuna miki gidan tsohon soja ba. Namu gidan ma haka yake. Akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon kakata, ba mai taɓa shi sai ita. Ranar da ta buɗe mini, warin kafur ne ya fara dukan hancina, sannan ga wata koɗaɗɗiyar riga da lambar yabo guda. Ta ce, “Da wannan kakanku ya dawo daga Bama.”

Abin ya samo asali tun 1897, lokacin da Turawan Ingila suka kafa rundunar Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga. Da tafiya ta yi nisa suka riƙa ɗibar samarin Dakarkari, waɗanda golmo ya riga ya gasa. To, wanda ya yi shekara bakwai yana yi wa surukai noma kafin a ba shi mata, wace wahala ce za ta ba shi tsoro? Kayan faretinsu jar dara ce da jar ɗamara da gajeren wandon kaki, ƙafa kuwa ba takalmi. Ita kanta kalmar kaki daga Indiya ta zo, ma'anarta launin ƙura. Da aka kai runduna ta 81 da ta 82 yaƙar Japan a Bama, tsakanin 1943 da 1945, sai aka ga launin ƙura ba ya ɓoye mutum a kurmi, aka koma kore.

Riguna biyu kakana ya zo da su. Ɗaya kakata ta farke, ta ɗinka wa babana wandon makaranta, wai shekara uku yana sa shi bai yage ba. Ni dai a ganina matan nan su ne suka adana tarihin Zuru. Maza sun yi yaƙin, amma wa ke fito da rigar ta sha rana duk bayan damina?

Yanzu wani kakin ya shigo, na sahara. A Yaƙin Tekun Fasha na 1991 sojan Amurka sun sa wani mai launi shida, da ɗige-ɗigen baƙi da fari kamar tsakuwa. A can masu sha'awa na sayen tsofaffinsa su tara, wasu su kai wa tela ya mayar da aljihu kan hannun riga. Mu kuwa ta dilar gwanjo irinsa ke iso mana.

Ranar nan ƙanena ya shigo da wandon irin wannan, sai washe baki yake yi wai ya sami araha. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Doka ta hana farar hula sa kayan soja, ga shi kuma 'yan bindigar da suka addabi ƙauyukanmu su ma da kaki suke shigowa. In ya hau babur da magariba, wa zai tsaya tambayarsa ko jikan wane ne?

Na ce, “Kai, tuɓe shi yanzun nan!” Ya yi ta ƙunƙuni. Na biya shi kuɗinsa, na farke aljihunan, na tsoma yadin a baƙin rini har sau biyu. Jakar cefane na ɗinka da shi. Rigar kakana kuwa tana nan a akwatinta, makullin yanzu a hannuna yake.