Daga Icen Araki Zuwa Kujerar Likita: Waiwaye Kan Tarihin Asuwaki

 

 Ni dai na buɗi ido a Mazanya, cikin ƙasar Jibiya, daf da iyakarmu da Nijar, na tarar kakana ba ya nufar masallaci da asuba sai da tsinken bedi a bakinsa. Na daɗe ina zaton tun fil azal bedi ne asuwakin Bahaushe. Ashe baƙo ne. Asalinsa ƙasar Indiya, kuma sai wajen 1928 aka fara dasa shi a Borno, daga baya ya watsu har ya cika titunan Katsina da Maraɗi. Kafin zuwansa magabata da itatuwan dajinsu suke yi, su haɗa da gawayi ko gishiri.

Icen da sunna ta fi sani shi ne araki, wanda ke fitowa a Hijaz da busassun ƙasashe irin namu. Imam Ahmad ya ruwaito yadda Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ya hau wannan ice don tsinko asuwaki, Sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurinsa, Manzon Allah (SAW) ya sanar da su nauyin ƙwaurin nan a kan mizani. Bukhari da Muslim kuma sun kawo cewa tausayin al'umma ne kawai ya hana a umurce mu da asuwaki a kowace salla. Amma ruwayar da ta fi girgiza ni ita ce ta Nana A'isha (RA). A ciwon ajalinsa, shekara ta 11 bayan Hijira, ɗan'uwanta Abdurrahman ya shigo da ɗanyen asuwaki, Annabi (SAW) ya ƙura masa ido. Ta fahimta, ta karɓa, ta tausasa shi da bakinta, ta miƙa masa, ya goge haƙoransa. Subhanallah, mutum yana bankwana da duniya, amma tsabtar baki ba ta fita ransa ba!

Ta hanyar littattafan Malikiyya wannan tarbiyya ta zauna a zaurukanmu. Duk wanda ya karanci Ishmawi ya san asuwaki yana cikin falalolin alwala.

Sai dai akwai wani rabin tarihin da ba a cika faɗa mana ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya zana a littafinsa At-Tasrif ƙarafan kankare dattin da ke daskarewa a gindin haƙori har ya lalata dasashi. Wato tun shekara dubu da ta wuce Musulmi sun gane akwai dattin da ice ba ya fitarwa, sai hannun gwani. Buroshi mai gashin nailan da muke ɗauka shi ne wayewa kuwa, sai 1938 ya fito a Amurka.

Ni kaina jiki ne ya gaya mini. Na yi shekaru ina taƙama da sunna, ban taɓa zama gaban likitan haƙori ba, har turmina ya yi kogo ya hana ni barci kwana uku a cikin azumi. Da na isa Katsina, likita ya ce da na zo da wuri cikewa kawai za a yi. Dole aka cire shi.

Nawa ma da sauƙi. Cutar noma, wadda ke farawa daga gyambon dasashi ta cinye fuskar yaron da yunwa ta raunana, ta addabi yankinmu har aka buɗe mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Tun daga cire turmin nan, duk bayan wata shida nakan koma a duba ni, kuma in na je gida nakan buɗe bakin ƙannena in leƙa dasashinsu. Tsinken bedi kuwa yana nan a aljihuna.